Baƙin Naman Kazar Bawa

Kwana goma sha tara ke nan Auduga tana kwance kan ƙwai bakwai, kuma a cikin kwanakin nan Bawa bai taɓa zama wuri ɗaya har ya gama shan kununsa ba. Zai kurɓa sau biyu, ya ajiye ƙwarya, ya tashi ya leƙa akurki. Ya dawo ya zauna, sai ya ga kamar inuwar shirwa ta gilma, ya sake miƙewa. Matarsa Furera ta gaji da magana, sai dai ta bi bayansa ta rufe ƙwaryar da faifai.

Auduga kaza ce, amma ba irin kajin da aka saba gani a ƙasar Tasawa ba. Fara ce fat, jikinta ba gashin tsuntsu sai wani laushi kamar audugar da aka shirya wa kaɗi, ga tukku a ka, ga gashi har bisa yatsu, yatsun kuma biyar ne maimakon huɗu. Ba ta tashi sama, ko katangar kara ba ta iya hawa. Bawa ya samo irinta ne a Maraɗi, inda ya yi shekara biyar yana aikin kuku a gidan wasu likitocin Shinuwa, wato mutanen ƙasar Sin. Da wa'adinsu ya cika za su koma ƙasarsu, babbansu ya sa masa zakara ɗaya da kaji biyu a kwali. Wani da an sallame shi rediyo zai roƙa ko keke, shi Bawa kaji ya rungumo ya dawo da su ƙauyensu na bayan Korgom, yana murna, baki har kunne.

Ba don ci yake kiwonsu ba, ba don sayarwa ba. So ne kawai, irin wanda ba ya jin magana. Yakan zauna da almakashi ya rage musu tukku don su riƙa hango shirwa, ya yi musu wanka da toka saboda ƙuma, in hadari ya taso ya kwashe su ya kai ɗaki, domin gashinsu in ya jiƙe sanyi kashe su yake. Sun taɓa kai ashirin da uku. Mutane har daga Hawandawaki sukan ratso a kan amalanke su kalla, amma kallo kaɗai, Bawa ba ya barin kowa ya ɗauka.

Yana da dalilinsa, kuma ko Furera bai faɗa wa ba. Kajin nan farare ne a waje kawai. In ka buɗa gashin, fatar baƙa ce wulik, naman baƙi, har ƙashin ma baƙi ne. Haka Allah ya halicce su, lafiyarsu lau, Shinuwa ma romonsu suke ba mai jego. Amma Bawa ya san mutanensa. Ranar da aka ji akwai kaza fara mai baƙin ƙashi a gidansa, duk wani boka daga Mayahi har Katsina sai ya aiko a sato masa ita. Don haka ya ja bakinsa ya tsuke. Wadda ta mutu, shi kaɗai yake ɗauka ya kai bayan gari ya binne. Furera kuwa tun farko ta rantse ba za ta taɓa su ba, ta ce ita ba ta hulɗa da kazar da ake yi wa aski.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo, ruwan sama ya ɗauke. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Dusar da ake watsa wa kaji ta koma tukunyar mutane, mata suka shiga daji tsinko anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a iya ci. Kajin gari aka yi ta sayar da su, waɗanda ba a sayar ba cuta ta share. Na Bawa ma suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura biyu: Auduga da zakaranta Mai Hula. Su biyun nan da gara ya riƙe su. Kullum da yamma zai cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tsofaffin tukwane, ya yayyafa ɗan ruwan alwalarsa, ya kife su a kan hanyar gara. Da safe ya kwaso, ya zazzage musu. A cikin wannan hali, ga ɗari ya shigo, ga yunwa, Auduga ta yi ƙwai bakwai ta hau ta kwanta abinta. In sun fashe, iri ya tsira. In ba su fashe ba, shi ke nan, don likitocin sun daɗe da tafiya, kuma bai san wani mai irinsu ba a duk faɗin ƙasar.

Yana durƙushe bakin akurki a wannan rana ta goma sha tara sai ya ji sallamar Maigari Tanko. Maigari ba ya zuwa gidan mutum da ƙafarsa sai da dalili, saboda haka Bawa ya san da magana tun kafin a shimfiɗa tabarma.

Bayan gaisuwa Maigari ya ce, "Bawa, an aiko daga Tasawa. Gobe bayan azahar soji za su zo rubuta gidaje, saboda rabon jad dawa ta agaji. Wani ajidan ne babbansu. Garin da ya gamshe shi, shi aka hwara kai ma buhu."

"To, Allah shi kawo su lahiya, ranka shi daɗe."

"Amin. Sai dai baƙo irin wanga ba a aje mai tuwo gaya. Na bi gari gida-gida, ko ɗan tsako babu. Akuyar da ta rage ta marayu ce, nononta suka sha." Ya dubi akurki. Bawa ma ya duba, sai ga Mai Hula ya fito yana taku ɗaiɗai da tukkunsa, kamar wanda aka kira sunansa.

"Ranka shi daɗe, kajin ga ba na ci ba ne."

"Na sani. Mu ma da ba masu cin dusa ba ne."

Bawa ya tashi ya zagaya rumbu, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Ya so ya ce a'a, wallahi ya so. Amma ta yaya mutum zai kalli garin da yara ke kwana da anza a ciki ya ce zakaransa ya fi? Ya yi lissafi a ransa: a cikin ƙwai bakwai ba za a rasa namiji ko ɗaya ba. Uwar ita ce ba ta taɓuwa.

Ya ce, "Zakaran na ba ku. Amma da sharaɗi. Ni za ni yanka, ni za ni hige, ni za ni dahwa, kuma kowa ba shi tsaya mani bisa kai."

Maigari ya yi dariya, ya ce ai dama wa zai yi gardamar girki da kukun Shinuwa. Bai tambayi dalili ba, Bawa kuma bai faɗa ba. Dabararsa ita ce ya saɓule fatar a ɓoye, ya zare ƙasusuwan, ya yayyanka naman ƙanana ya nutsar da shi cikin miya mai daddawa, yadda ba mai gane launinsa.

Da Maigari ya fita, Furera ta ɗago daga wankin anza ta ce, "Ashe ana iya rabuwa da su."

"Ke dai bari," in ji Bawa. Ya ɗauki Mai Hula ya zauna da shi a cinya har rana ta yi sanyi.

Washegari da hantsi ya kai zakaran gidan Maigari da kansa, ya ɗaure shi a turken da babu akuya, ya ce wa Gambo, ƙanen Maigari, wani dattijo mai saurin ƙafa da saurin hannu, kada a taɓa shi sai ya dawo da wuƙarsa. Bai kai ƙofar gidansa ba ya ji rurin mota. Sojoji sun ce bayan azahar, sun iso rana ko tsaka ba ta yi ba, kuma wa zai tambaye su?

Aka taru gindin gawon dandali. Ajidan dogo ne, siriri, mutumin yamma, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, wanda ya saba yi masa tafinta kuma zazzaɓi ya kwantar da shi a Korgom. Ya tambaya da Faransanci ko akwai mai ji. Duk gari aka juya aka kalli Bawa, wanda ya tsinci Faransancinsa a kasuwar Maraɗi wajen sayen cefane. Kafin ya buɗe baki an tura shi gaba, an tsayar da shi kusa da tebur, soja biyu da bindiga a bayansa.

Aka fara. Mai gida ya matso, ya faɗi sunansa da bakin da ke ci a tukunyarsa, Bawa ya juya, ajidan ya rubuta. Aiki ne mai sauƙi ga wanda hankalinsa ke jikinsa, shi kuwa na Bawa yana bayan katangar Maigari. Ya ga hayaƙi ya tashi daga madafa. Ya ce a ransa ruwan tuwo ne. Ya canja ƙafa, ya sosa wuya, ya leƙa ta kafaɗar ajidan. Can sai ya ji kukan Mai Hula sau ɗaya, gajere, ya yanke. Saudatu matar Maigari mace ce da ba ta jiran namiji a madafarta, balle baƙo ya riga ya iso, ai ya kamata ya san haka tun jiya.

"Mutum nawa ya ce?" in ji ajidan.

Bawa ya sake tambayar mutumin, don bai ji ba.

Jim kaɗan sai salatin mata ya tashi daga cikin gida, aka yi ta kai da kawowa a zaure. Gambo ya fito ya raɗa wa Maigari magana a kunne, fuskar Maigari ta canja, ya raɗa masa amsa. Gambo ya bi lungu da sauri. Lungun nan gida uku ne a cikinsa, na ƙarshe shi ne na Bawa, kuma Furera tana rijiya tun safe, don a shekarar nan sai mace ta yi rabin yini kafin guga ya zo kanta.

A daidai lokacin tsohuwa Hawwa ta matso gaban tebur da sandarta. 'Ya'yanta maza uku duk sun tsallaka Najeriya neman abinci, sun bar mata matansu da yara. Ajidan ya dube ta ya ce tsohuwa ɗaya, mutum ɗaya, ya sa alƙalami zai wuce.

"Mi ya ce, ɗan nan?"

"Ya ce ke ɗaya ce, Inna."

"Ni ɗaya? Goma sha huɗu muke! Gaya mai, matan ba su hita cikin maza shi ya sa. Gaya mai da kyau."

Bawa ya fara bayani. Faransancinsa na tumatir da albasa ne, bai taɓa ɗaukar surukai da jikoki ba, sai ya riƙa lissafa su da yatsu yana haɗawa da hannu. Yana tsaka da haka Gambo ya fito daga lungu, da wani farin abu a hammatarsa. Ko motsi ba ta yi. Haka irinsu suke, duk wanda ya ɗauke su sai su lafe masa.

"Gambo!" Muryar Bawa ta fashe har mutane suka waiwaya. "Gambo, aje ta! Kwanci take!"

Ajidan ya buga tebur da tafin hannu, ya ce ba a yi masa ihu a ka, a ci gaba. Ɗaya sojan ya gyara tsayuwa. Gambo ko bai ji ba ko ya yi kamar bai ji ba, ya shige zaure. Tsakanin gindin gawo da zauren nan taku arba'in ne, Bawa ya san da gudu zai cim masa. Ya ɗaga ƙafa. Sai ya ji hannun tsohuwa Hawwa ya kama gefen rigarsa, hannu mara nauyi, duk ƙashi.

"Ɗan nan, ya rubuta?"

Bai rubuta ba. Alƙalamin yana sama, kuma in Bawa ya bar wurin nan da gudu, ɗaya za a sa mata, wataƙila ma ajidan ya naɗe takardunsa ya hau mota. Bawa ya mayar da ƙafarsa ƙasa. Ya sake farawa daga matar babban ɗa, da yaranta huɗu. Ajidan ya sa aka je aka kira matan, aka jira su, suka zo suna rufe fuska, aka ƙirga yara ɗaya bayan ɗaya, har da na goye. Sannan ya rubuta goma sha huɗu. Bayan Hawwa kuma saura gida tara, Bawa ya juya maganarsu duka, bai san abin da bakinsa ke faɗa ba.

Ana rufe littafi ya ruga. Ya tarar da mata sun yi cirko-cirko a bakin madafa, kowa ta ja baya, wasu sun toshe hanci da mayafi. A tsakiya ga akushi, a cikinsa ga Auduga, an fige ta rabi. Farin gashinta ya jiƙe ya manne a ƙasa, baƙar fatarta tana sheƙi.

Saudatu ta tare shi da faɗa tun bai tsaya ba. "Bawa, kashe mu za ka yi? Kaji masu harbin daji za ka ba mu mu ba soja? Zakaran muna higewa munka gan shi baƙi ƙirin har cikin ƙashi. Munka ce wataƙila shi ɗaya ne ya kamu, a kawo macen. Ita ma ga ta nan!"

Ba wauta ta yi ba, kowa a garin ya san harbin daji, cutar da ke baƙanta naman shanu. A bana kaɗai sun ga shanun Fulani da yawa sun faɗi da ita a bakin hanya, an kuma ji labarin gidan da yunwa ta sa suka ci, aka yi jana'iza. Mace mai hankali in ta ga baƙin nama, abin da za ta tuna ke nan.

"Ina zakaran?" in ji Bawa.

"Mun jehwa shi tsohuwar rijiya, mun bi shi da ƙasa."

Bawa ya durƙusa gaban akushin. Ya so ya zagi Saudatu, ya so ya shaƙe Gambo, amma da ya nemi mai laifi sai ya rasa kowa sai kansa. Shekara huɗu yana riƙe da magana ɗaya a ciki, kalma biyar da ya faɗa jiya da ta wadatar.

Ya ce a hankali, "Lahiyarta lau. Haka irinsu suke. Baƙi aka halicce su."

"Wa ya taɓa ganin haka?"

"Ni. Na dahwa su ya hi sau ɗari."

Hayaniyar ta riga ta kai waje. Ajidan da kansa ya shigo har madafa, Maigari na biye da shi. Ya kalli akushin, ya kalli Maigari, ya tambaya ko abin da aka shirya za a ba shi ke nan. A idonsa Bawa ya ga abin da yake zargi, don a lokacin nan ba sojan da ke yawo ƙauyuka bai ji labarin sammu a abinci ba. Maigari ya kama rantse-rantse da Hausar da baƙon ba ya ji. Buhunan jar dawa suna shirin sulalewa a kan kaza ɗaya.

Bawa ya miƙe ya yi bayani da Faransanci: inda ya samo su, da yadda Shinuwa ke cin su. Ajidan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, to, ya dafa. In ya dafa, shi zai fara ci a gabansa.

Haka Bawa ya zauna a kan turmi ya ƙarasa fige Auduga da hannunsa. Ƙirjinta babu gashi dama, ita ta cire shi da kanta don ƙwai su ji ɗumin jikinta, kuma da ya kai wurin sai da ya dakata ya kalli katanga. Ya so ya aiki wani zuwa gidansa a rufe ƙwan da tsumma, amma tsumma ba ya ba da ɗumi, kuma duk garin ba kazar da za a ɗora. Iskar ɗari tana ta kaɗawa. Ya ƙirga tun lokacin da Gambo ya wuce, ya ga an fi awa biyu, ya daina ƙirgawa.

Ya yanka ta gaɓa-gaɓa, bai ɓoye komai ba, don yanzu ɓoyon me? Saudatu ta fito da 'yar busasshiyar citta da ta adana, da barkono, da ɗigon man gyaɗa a gindin kwalba, ta ajiye masa daga nesa. Ya dafa romo yadda aka koya masa, wuta kaɗan-kaɗan, yana tashi yana zama, yana buɗe tukunya ba dalili. Ƙanshi ya cika gidan ya tsallaka katanga. Matan da suka toshe hanci ɗazu suka saki mayafi.

Aka kai zaure da tuwon geron ƙarshe na rumbun Maigari. Ajidan ya tura kwanon gaban Bawa, ya nuna cinya. Zaure ya cika, har ta taga ana leƙe. Bawa ya yi bismilla ya ɗauka. Wata bakwai rabonsa da nama. Ya kai baki da niyyar ya haɗiye kawai ba tare da ya ji komai ba, amma bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Yawu ya cika masa baki, romon ya bi maƙogwaronsa da ɗumi har cikin ciki, ya ga hannunsa ya koma kwano ba da izininsa ba. Ya tauna har ƙashin, baƙin ƙashin nan, ya tsotse ɓargon.

Ajidan ya jira kamar minti goma yana kallonsa. Da ya ga bai faɗi ba, ya ja kwanon ya ɗanɗana, ya ɗaga gira, ya ci sosai, ya miƙa wa sojojinsa sauran. Da zai hau mota ya ce wa Maigari ta bakin Bawa kamyo, babbar motar buhuna, zai zo ranar kasuwar Korgom, ya kuma dafa kafaɗar Bawa ya ce in yana da irin kajin nan a ajiye masa biyu. Bawa bai juya wa kowa wannan maganar ba.

Mutane suka yi ta sa masa albarka a hanya, tsohuwa Hawwa har da guɗa. Bai tsaya ba. Yana tafe yana sauri, da ya kusa gida kuma sai ƙafarsa ta yi nauyi, don ya san abin da zai tarar. Ya shiga ya wuce kai tsaye akurki, ya durƙusa ya zura hannu. Ciyawar ta yi sanyi. Ya lalube ta gefe da gefe, ba ƙwai ko ɗaya. Ya duba ƙasa ko zai ga ɓawo, ko sawun kare, bai ga komai ba sai tulun Furera a tsakar gida, ba ko ɗigon ruwa a ciki, ko ɗaki ba a shigar da shi ba.

"Ke! Ina ƙwan?"

"Rage murya," aka amsa daga ɗaki. "Kuma rufo ƙohwa, iska na shigowa."

Ya shiga. Furera tana zaune a kan gado ta jingina da bango, ta lulluɓa da bargonsa da nata, ta miƙe ƙafafu, ko wuyanta ba ta juyawa. Ta ɗaura ɗankwali a ƙirjinta ta cikin riga, ta tallabe shi da hannu biyu.

Ta ce, "A rijiya na ji an ce Gambo ya ɗauke ta. Na baro layi na zo. Na iske su sun hwara hucewa. Tun sannan ban motsa ba, bayana kamar shi karye."

Bawa ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya rasa inda zai sa hannunsa. "Duka bakwai?"

"Bakwai. Biyu dai ban ji komi ba cikinsu. Matso ka ji, amma kada ka taɓa ni."

Ya durƙusa a gaban gadon ya kawo kunnensa kusa da bargon. Da farko bugun zuciyarta kawai yake ji. Can sai ga wani ɗan ƙara siriri daga cikin ɓawo, ya yi shiru, wani ya amsa masa.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Rabonsa da zama irin wannan tun ranar da Auduga ta hau kwanci. Furera ta dube shi ta gefen ido, ta ga maiƙo a gemunsa, ta shaƙi ƙanshin citta a rigarsa.

"An ce kai anka sa ka hwara ci."

"Ni ne."

Sannan ta tambaya, ba da tsokana ba, tambayar mai jin yunwa: "Da daɗi?"

Bawa ya buɗe baki zai ce bai ji komai ba, ƙaryar ta ƙi fita. Hawaye suka zubo masa, ya bar su.

"Da daɗi," ya ce. "Wallahi da daɗi. Har ƙari na yi."

Furera ta gyara bargon da haɓarta, ta ce ya tashi ya je ya kife tukwanensa tun rana ba ta faɗi ba, don gobe akwai bakin da za su nemi gara.